Sharhi: Ranar da Noti Ya Karye Mini a Cikin Inji



Yau maganar wani ɗan guntun ƙarfe zan yi muku, wanda tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba, amma ya girke mini mota kwana huɗu cur a ƙofar gida, ya mayar da ni hawa Adaidaita. Noti nake nufi. Mu a nan duk noti muke cewa, da namijin mai zare a jiki da macen da ake ɗaurawa a kansa. To, namijin ne ya yi mini tsiya.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu mota da yawa sun koma taɓa ƙananan gyare-gyare da kansu. Canjin fulogi, juyen baƙin mai, ɗaure fanbel. Ban ga laifin kowa ba, domin ni ma ina cikin sahu. Wata Asabar da safe na lura tsohuwar motata 'yar Japan tana ɗigar da ruwa daga inda tiyon lagireto yake haɗuwa da inji, wurin da makanikai ke kira gidan tamostat. Gaskit ne ya gaji. Na kalli wani bidiyo a waya, mutumin ciki ya gama aikin kafin shayina ya huce. Na ce ashe ma abin banza ne. Na sayo gaskit, na shimfiɗa buhu a ƙasa, na ɗaga bonet.

Noti biyu ne ke riƙe da wurin. Na farko ya kwance lami lafiya da sifana lamba 10. Na biyu ya ce sam. Na ja, ya ƙi. Na sake ja har jijiyar wuyana ta tashi, ko gezau. Sai shaiɗan ya nuna mini wani guntun bututu jingine a bango. Na zura shi a ƙotar sifana, na danna. Nan na ji abin ya fara motsi, amma wani irin motsi mai laushi, kamar ana murɗa alewa. Har na yi hamdala. Sai ƙas! Na ɗago hannu, ga kan noti a tafina, sauran jikinsa kuwa yana can cikin inji ya yi kwanciyarsa.

Mai sauraro, ka riƙe wannan laushin da na faɗa. Notin da zai kwance yakan yi ƙara sau ɗaya, ƙarar tsatsa ta saki, daga nan sai ya riƙa sauƙi. Wanda kuwa ka ji ya yi laushi alhali bai saki ba, jikinsa ne ke murɗewa, kuma saura ƙiris ya rabu biyu. A daidai nan ake ɗage hannu. Ni ban ɗage ba.

To me ke sa noti ya kame haka? Yawancin injunan motocin da muke hawa yanzu, saman su, wato top silinda, da gidan tamostat da famfon ruwa, duk na alminiyam ne, irin ƙarfen nan mara nauyi na tukwanen da wasu ke kira dalma. Noti kuwa baƙin ƙarfe ne. Idan waɗannan biyu suka zauna manne da juna shekara da shekaru, ruwa yana ratsa tsakaninsu, sai su zama tamkar ƙaramin batir. Alminiyam ɗin ke cinyewa, yana fitar da wani farin gari kamar kanwa, shi kuma notin yana tasa tsatsar. Kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga cikinsa cin wuri, saboda haka sai ta cushe ɗan sararin da ke tsakanin zare da zare ta kame kamar siminti. Ga zafi da sanyi kullum: inji ya ɗau wuta ya buɗe, ya huce ya tsuke, sau dubbai.

A nan dole mu masu mota mu karɓi namu laifin. Nawa ne daga cikinmu ke sayen ruwan sanyaya inji, mai launin nan da ake sayarwa a galan? Ruwan rijiya muke ɗurawa, ko na famfo, wani ma fiya wata zai fasa a bakin titi ya tuttula. Shi wancan ruwan mai launi ba don ado aka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a cikinsa. Motata ta shekara nawa tana shan ruwan rijiya, ni ne shaida.

Sai laifin wanda ya ɗaure notin tun farko. Wannan ɗan noti mai kaurin milimita 6, wanda sifana lamba 10 ke kamawa, ƙarfin ɗaurin da ya dace da shi bai wuce misalin nauyin kilo 5 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20 ba. Kilo 5 fa, abin da ɗan firamare zai ɗaga da hannu ɗaya. Amma je ka gareji ka ga yadda yaro ke taka sifana da ƙafa, yana cije leɓe, wai don kada oga ya ce bai ɗaure ba. Notin da aka yi wa irin wannan ɗaurin ya riga ya miƙe, ya raunana. Mai tsautsayi kawai yake jira.

Da na san abin da na sani yau, ga yadda zan yi da shi tun kafin ya karye. In kankare ƙurar da tsatsar da ke kewaye da kansa. In fesa masa man kwance tsatsa, in tafi in bar shi, ko da zai kwana. Da yawa WD-40 suka sani, wanda aka ƙirƙiro a San Diego ta Amurka a 1953, kuma asali don korar ruwa daga jikin ƙarfe aka yi shi. Yana taimakawa, sai dai akwai mayukan da aka yi musamman don ratsa zare. Makanikanmu wasu kananzir suke sawa, wasu man birki. Mai amfani da man birki dai ya sani yana cin fentin mota. Bayan mai ya jiƙa shi, sai a ɗan ƙwanƙwasa kan notin da guduma, ba dukan huce haushi ba, ɗan bugun da zai girgiza tsatsar. Sannan a kama shi da soket mai kusurwa shida wanda ya zauna daram. A gwada ɗaurewa kaɗan tukuna, sannan a kwance kaɗan, gaba da baya, gaba da baya, ana ƙara mai. Aikin lallashi ne, irin na cire ƙaya daga ƙafar yaro.

Maganar soket ta tuno mini wani abu. Noti mai kaurin milimita 8, a motocin Japan kansa lamba 12 ne, a na Turai kuwa lamba 13. Wanda ya ɗauki 13 ya ɗora a kan 12 don ita ce a kusa, zai lashe kusurwoyin kan ya mayar da shi mulmulalle. Tun 1841 wani injiniya ɗan Ingila, Joseph Whitworth, ya fito da tsarin daidaita zaren noti don kowa ya daina yin nasa daban, amma har yau ga na inci ga na milimita, kuma har yau ana samun mai cusa wannan a ramin wancan da ƙarfin tsiya.

Mu koma ƙofar gidana. Da na zare gidan tamostat ɗin, sai ga guntun notin ya leƙo waje kamar rabin gaɓar yatsa. Wannan sa'a ce babba, ni ne dai ban san darajarta ba. Wanda ya samu irin wannan guntun, ai rabin aikinsa ya ƙare. Zai iya jiƙa shi da mai, ya goge gefe biyu da magagari su yi fale-fale, ya kama da filaya mai kulle. Idan da sauran zare a jiki, zai iya ɗaura mata biyu a kai, ya matse su da juna, ya juya ta ƙasan. Ni kuwa haushi ya riga ya hau kaina. Na ɗauko filaya irin ta gyaran waya, na cafke, na murɗa, na lanƙwasa hagu, na lanƙwasa dama. Guntun ya sake karyewa, wannan karon daidai da fuskar inji, ko abin da farce zai kama babu. Garin gyaran gira na rasa ido.

Uwargida ta leƙo ta ce, “Maigida, an gama? In shirya yara?” Dama alkawarin kai su gidan suna na yi. Na ce a nemi Adaidaita.

Na aika aka aro mini injin huda ƙarfe. Ina cikin jona waya ke nan sai ga maƙwabcina, wani dattijo da ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas. Ya tsaya ya dubi ramin, ya dube ni, ya ce, “Malam, don girman Allah ajiye wannan abin.”

Na ce, “Baba, ai huda shi kawai zan yi in zaro.”

Ya ce, “Ka taɓa yi?”

Na ce a'a.

Ya ce, “To ba a kan injinka za ka koya ba.”

Daga baya na fahimci abin da ya tsare ni daga gare shi. Huda karyayyen noti hanya ce sahihiya, ƙwararru suna yi kullum, amma tana da sharuɗɗa. Inda noti ya karye ba ya zama sumul, ga tudu ga kwari. Notin ya fi alminiyam ɗin da ke kewaye da shi tauri nesa ba kusa ba. Saboda haka da tsinken huda ya fara juyawa, sai ya zame daga kan mai tauri ya faɗa cikin mai laushi, ya yi ta ci kamar an sa wuƙa a sabulu. Kafin ka ankara ka yi sabon rami a gefen na farko. In tsautsayi ya ƙaru ka zarce, sai ka ɓulla cikin hanyar ruwan inji, daga nan kuma maganar ta tashi daga noti ta koma sayen top silinda. Mai yin aikin da kyau yakan fara baje fuskar guntun, ya dasa ƙarfe mai tsini a tsakiyarsa cif, ya buga alama. Ya fara da siririn tsinke, milimita 2 ko 3, a hankali, yana ɗiga mai, hannunsa a miƙe ba karkace ba. Yakan naɗa ɗan salatif a jikin tsinken don ya san iyakar zurfin da zai shiga. Akwai ma tsinken da ke ci ta hagu, wato ta ɓangaren da noti ke kwancewa, wanda sau da yawa yana cikin huda sai guntun ya biyo shi ya fito da kansa.

Sai wani ɗan ƙarfe mai zaren hagu da ake sayarwa, wai a huda noti a murɗa shi ciki ya zaro guntun. A bidiyo abin sha'awa. Ni dai ra'ayina, ga notin da tsatsa ta kama, a yi nesa da wannan ɗan ƙarfen. Ka yi tunani: notin nan da cikakken kaurinsa ya kasa jure ƙarfin da ake buƙata don a juya shi, har ya karye. Yanzu kuma za ka sa abin da ya fi shi siranta ya yi wannan aikin? Ga shi yana da tsini, yana shiga yana buɗa guntun, yana ƙara matse shi a ramin. Kuma an ƙera shi da tauri ƙwarai, irin taurin da ba ya lanƙwasa sai dai ya ɓalle kamar gilashi. Ranar da ya ɓalle a ciki, tsinken huda na yau da kullum ba zai iya cin sa ba. Inda yake da amfani shi ne notin da ya karye don an cika ɗaure shi, ba tsatsa a jikinsa.

Litinin da hantsi Baba ya zo mini da wani mai walda, saurayi da bai fi shekara 25 ba, da injinsa a bayan Adaidaita. Abin da ya fara yi ya sa na natsu da shi. Bai taɓa notin ba. Ya ce, “Alhaji, a cire kan batir tukuna.” Motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwa, kuma wutar walda tana iya ƙona ta. Ya duba inda tiyon fetur ya bi, ya jiƙa tsumma ya rufe shi da wayoyin da ke kusa. Ya maƙala wayar ƙasa ta injinsa a jikin inji, dab da inda zai yi aiki. Ya sa aka ajiye bokitin yashi a gefe.

Sannan ya ɗauko washa mai ramin da ya yi daidai da guntun, ya ɗora a kai, ya ɗiga walda a tsakiya, ɗis, ɗis, har ta kama guntun. Ya ɗora macen noti babba a kan washar, ya cika cikinta da walda har ta yi jawur kamar garwashi. Hikimar a nan biyu ce. Waldar baƙin ƙarfe ba ta kama alminiyam, saboda haka guntun kaɗai take riƙewa, ta yi masa sabon kai. Zafin kuma yana ratsa guntun har ƙasa, ya buɗe, in ya huce ya tsuke, wannan simintin tsatsar ya farfashe.

Na miƙa masa sifana. Ya ce, “A'a Alhaji, sai ya huce.” Ya koma gindin bishiya ya zauna yana cin gyaɗa, ni ina ta safa da marwa. Da ya tashi ya gwada, sai sabon kan ya ɓalle. Gabana ya faɗi. Shi ko a jikinsa. Ya ce haka ake yi, kowane zagaye zafin yana ƙara sassauta shi. Ya sake. Na biyu ma ya ɓalle. A na uku ya fesa mai bayan wurin ya huce, ya ɗora sifana, ya riƙe ta kusa da kai da yatsu uku kacal. Ya matsa gaba kamar faɗin ƙwayar gero, ya dawo baya. Ya sake. Sai muka ji wata 'yar ƙara, ƙiii, kamar tsohuwar ƙofa. Ya ɗago ya yi murmushi. Bai yi gaggawa ba duk da haka, ya yi ta kai da kawowa yana ƙara mai, wajen minti goma, har guntun ya fito. Ya ɗora mini a tafin hannu da ɗuminsa. Zaren duk ya cushe da farin gari, tsakiyarsa ta sirance kamar ƙugun zanzaro.

Game da zafi, bari in ja kunnen masu sha'awar kunna wutar gas a kan inji. Gaskiya ne alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe idan ya ji zafi, shi ya sa ɗumama kewayen rami ke sakin noti. Amma baƙin ƙarfe yana gargaɗi, yakan yi ja tun da sauran nisa kafin ya narke. Alminiyam ba ya gargaɗi. Yana narkewa a wajen digiri 660, kuma launinsa ba ya sauyawa, sai dai ka ga wuri ya lotsa. Ga fetur a kusa, ga roba, ga man da ka fesa wanda shi ma yana kamawa da wuta. Wannan ba aikin ƙofar gida ba ne da yara na kewaye.

Da guntun ya fita, saura gyaran ramin. Yaron ya bi zaren da abin share zare, ya hure garin da ke ciki, ya tabbatar ba ruwa ko mai da ya taru a ƙasa. Ramin da ba ya ɓullewa, in da ruwa a cikinsa ka ɗaure noti a kai, ruwan ba shi da wurin zuwa, yana iya tsaga ƙarfen. Nawa zaren ya tsira. Wanda nasa ya lalace kuwa ba a rasa dabara ba: ana faɗaɗa ramin kaɗan, a yanka sabon zare, a murɗa wata 'yar waya mai kama da sifirin a ciki, sai noti mai girman na asali ya zauna daram.

Da za ka sayi sabon noti, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ne ko a Panteka ta Kaduna, ka dubi kansa. Za ka ga lamba, 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Wannan lambar ƙarfinsa ce. Ka nemi irin wadda ke kan tsohon, tsawo ɗaya, zare ɗaya. Wanda ba lamba a kansa, bar shi ga masu haɗa gado. Ka shafa masa ɗan man hana kamewa, ka fara ɗaura shi da yatsu, sai ya shiga zagaye uku ko huɗu salin alin kafin sifana ta taɓa shi. In ya ƙi shiga da yatsu, akwai magana, kada ka tilasta. Notocin da ke riƙe top silinda kuwa dokarsu daban ce. Suna da awo da jerin da ake bi wajen ɗaure su, kuma a injuna da yawa sau ɗaya ake amfani da su a jefar.

Kafin lokaci ya ƙure mana, ina da kira ga iyayen gidanmu masu gareji. Noti yana karyewa a hannun kowa, har gwanin gwanaye, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a karya a yi shiru, a cika wurin da gam, a bar noti ɗaya yana aikin biyu, a karɓi kuɗi, mai mota ya kama hanyar Zariya da iyalinsa ruwa ya tsiyaye masa a daji. An taɓa yi wa wani abokina haka, har kan notin aka manna da gam don ido ya ga kamar lafiya. Wannan cin amana ne. Ku faɗa wa mai mota gaskiya, in akwai ƙarin kuɗi ku faɗa. Sannan don Allah kowane gareji ya mallaki sifana mai awo ko da guda ɗaya ce, a koya wa yara aiki da ita, a hana su taka sifana da ƙafa.

Ku kuma 'yan uwana masu gyara a gida, in noti ya karye ya bar muku guntu a waje, kada ku taɓa shi da filaya irin tawa. Ku jiƙa shi da mai, ku rufe bonet, ku nemo mai walda tun guntun yana nan. Abin da na kashe a kwana huɗun nan, da kuɗin Adaidaita da na walda da na sabon ruwan lagireto, ya ninka abin da bakanike zai karɓa sau da yawa. Guntun notin yana nan a aljihun gaban motata, duk wanda ya tare ni zan nuna masa.